Filin Sana'a: Aikin Kala Huɗu A Kan Inji Mai Kala Biyu

A wannan wata maɗaba'a za mu leƙa, domin akwai wata rigima da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu ba da aiki da masu buga takardu. Mutum ya kai kalandar ƙungiya ko katin aure mai hoto, ya dawo ya tarar fuskar ango ta yi kore, idanun amarya sun zama huɗu. Daga nan sai cacar baki, kuɗi sun tafi, zumunci ya yi tsami.

Duk wanda ya ratsa New Town a Akra, ko Asafo a Kumasi, ya san ƙananan maɗaba'u sun yi yawa, kuma akwai 'ya'yan zango da ke cin abinci a cikinsu. Da yawansu injin ofset mai kai biyu suke da shi, wato tawada biyu yake zubawa a shiga ɗaya. Shin irin wannan inji zai iya aikin cikakkiyar kala? Zai iya ƙwarai, amma da sharaɗi.

Hoton da muke gani a kalanda tawada huɗu ce kacal: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Kowace tana da nata faranti, kuma ƙananan ɗige-ɗige take saukewa, ido ne ke haɗa su ya ga sauran launuka. Ana karkata layin ɗigon kowace tawada daban, galibi shuɗi digiri 15, ja 75, baƙi 45, rawaya 0, don kada su yi wani zane kamar saƙar tabarma a kan hoton. Babban inji mai kai huɗu a shiga ɗaya yake gamawa. Mai kai biyu kuwa sai takarda ta shiga sau biyu, a tsakani a wanke rola, a sauya faranti da tawada. A nan gizo ke saƙar.

Da farko dai ba kowane mai kai biyu ne ya dace ba. Akwai wanda kowane kai yake da nasa bargon roba, kamar Ryobi 3302 ko Heidelberg GTO 52 mai kai biyu, wanda ke ɗaukar takarda santimita 36 da 52. Akwai kuma ƙaramin inji da aka ɗora wa ƙarin kai, tawada biyu suna sauka a kan bargo ɗaya. Wannan na biyun ya yi daidai da rasit da takardar wasiƙa, amma inda tawada za ta hau kan tawada sai su gurɓata juna. Mai irinsa ya bar aikin hoto ya huta.

Sai takarda, wadda ita ce uwar matsala. Ofset da ruwa yake aiki, takarda kuwa tana shan laima ta miƙe, ta bushe ta tsuke. Idan ta sauya ko da kaurin gashi ne tsakanin shiga ta farko da ta biyu, launuka ba za su zauna a kan juna ba. Da damina gefenta kan yi lanƙwasa, da hunturu kuma ta bushe ta riƙa manne wa juna. Saboda haka a yanka ta duka lokaci ɗaya, ta kwana a ɗakin injin kafin a fara, a kuma rufe ta da leda bayan shiga ta farko. Gefen da inji ya kama da farko, shi zai kama a karo na biyu, kada a juya. A riƙa zaro takarda ana duba 'yan alamomin da ke gefe da gilashin ƙara girma.

Game da jerin tawada, gwanaye da yawa kan fara da shuɗi da ja, domin su ne ke ɗauke da hoton, gara su sauka tare. Baƙi da rawaya su biyo baya, tun da rawaya ko ta ɗan goce ido bai cika kamawa ba. A rage hodar da ake fesawa a shiga ta farko, in ba haka ba za ta taru a bargo ta ɓata ta biyu. A bar tawada ta kama jikinta, amma kada a yi kwanaki, domin idan ta ƙafe ƙarau ta biyun ba za ta zauna a kanta da kyau ba.

Babban haɗarin shi ne, mai inji ba ya ganin ƙarshen hoto sai a shiga ta biyu. Idan ja ya yi yawa tun farko, sai bayan an ƙare dubu za a gane, alhali bakin alƙalami ya bushe. Don haka ya ajiye samfuri a gabansa, ya kuma buga rara mai yawa, domin duk takardar da ta lalace a karo na biyu ba ta da madadi sai an koma farko.

To, ku masu ba da aiki, ga naku. Kada ku kai aiki yau ku ce gobe ne biki. Sauri ya haifi nawa. Ku yarda da kuɗin rarar takarda, ku kai hoto mai kyau, ku kuma nemi ganin samfuri ku sa hannu kafin a ci gaba. Idan kati hamsin ko ɗari kuke so, injin dijital ya fi muku sauƙi, tun da ba ya bukatar faranti. Su kuma masu maɗaba'a, idan aiki yana da faffadan fili mai launi ɗaya da aka haɗa daga tawada uku, ko lokaci ya ƙure, su faɗi gaskiya su kai shi ga mai kai huɗu su karɓi ladansu. Kalanda shekara guda take yi a bango da sunan maɗaba'a a ƙasanta, kowa na gani.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa.