Kuɗin Lasin: Wa Ke Biya?

Jama'a, ku tuna. A watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur. Samarin Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi da yawa suka koma tuƙa Adaidaita Sahu, akasari na masu kuɗi, suna kai balas kullum.

To, sun huta? Ina! A Fabrairu 2021 suka yi yajin aiki saboda harajin Naira 100 na kullum. Ku lissafa: Naira 36,500 ke nan a shekara. A Janairu 2022 suka sake ajiye aiki saboda Naira 8,000 da hukumar KAROTA ta yanka musu na sabunta lasin. A kwanakin nan mun ga 'yan kasuwar Tarauni da kaya a ka, mun ga majinyata suna takawa zuwa Asibitin Malam Aminu Kano.

Direba zai ƙara a kuɗin hawa, mai tumatir ya ƙara a kwano, uwargida ta rage cefane. Ashe mu duka muke biya.

Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979. Ba mu yarda su sake riga su dawo ba.

Ba mu ƙi lasin ba. Abin da muke nema: lasin ɗaya, rasit ɗaya, a yi shawara da direbobi kafin a yanka kuɗi, a kuma bayyana wa talakawa inda kuɗin ya shiga. Wanda ya karɓa, ya yi bayani.