Baƙin hayaƙin motocin gwamnati ba ƙarfin inji ba ne

Duk mai bin hanyar Nyanya zuwa cikin Abuja da sassafe ya san yadda abin yake a hawan Kugbo: motar ma'aikata ta taka totur, salansa ta yi aman baƙin hayaƙi, na baya su ɗaga gilashi. Direbobi da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa inji yana da ƙarfi. Alhali man dizal ne da aka saya da kuɗin baitulmali yake fita bai gama ƙonewa ba.

Famfon injekta shi ne ke auna yawan man da zai shiga kowace silinda da lokacin da zai shiga. Ita kuwa turbo, iskar da inji ke fitarwa ce take juya ta, sannan ta tura sabuwar iska cikin injin. Matsalar tana cikin 'yan daƙiƙoƙin da ke tsakanin taka totur da tashin turbo. A wannan lokaci iska ba ta wadata ba. Idan famfo ya zuba mai da yawa, turbo za ta tashi da wuri, amma rarar man za ta fita a matsayin hayaƙi. Idan aka matse man fiye da kima, hayaƙi zai ɗauke, sai dai motar za ta yi nauyi wajen tashi, musamman da lodi a kan tudu.

Masu ƙera famfo ba su bar wannan ga sa'a ba. A saman famfunan Bosch samfurin VE da makamantansu na injuna masu turbo akwai wata 'yar na'ura mai roba da sifirin, wadda ƙarfin iskar turbo ke dannawa. Aikinta shi ne ta riƙe mai har iska ta isa, sannan ta sake shi sannu a hankali. Sukurun da ke ƙayyade iyakar mai kuwa, tun daga kamfani ake rufe shi da hatimi.

Wannan hatimi ne ake yawan fasawa idan direba ya kai kuka gareji cewa mota ba ta ja, oga kuma yana sauri. Bakanike ya murɗa sukurun, mota ta zabura, kowa ya tafi da murna. Abin da zai biyo baya ba ya nuna kansa a ranar. Zafin iskar salansa yana hawa, yana cin fistin da kan inji da ita turbon kanta. Baƙin mai yana cika da tokar hayaƙi kafin lokacin juye. Kuɗin dizal yana ƙaruwa a takardun ofis ba tare da an san dalili ba. Ga kuma lafiya: tun a 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Abin kunya ne a ce hukumar NESREA tana da ƙa'idojin hayaƙin motoci tun 2011, amma mota mai lambar gwamnati tana cikin masu turnuƙe titi.

Sau da yawa ma laifin ba na famfo ba ne. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, ko tiyon turbo mai yoyo, ko nozul da ya gaji, ko lokacin feshin mai da ya goce, kowannensu yana kawo nauyi da hayaƙi a tare. Ƙara mai a kan irin wannan tamkar ɗaure ƙarfe ne a kan gyambo. Su ya kamata a fara dubawa, famfo ya zo a ƙarshe, a saita shi a kan na'urar gwaji bisa ma'aunin kamfani. Sababbin injuna da kwamfuta ke sarrafa mansu ma haka ne, domin sauya musu lissafi barkatai illarsa ɗaya ce.

Saboda haka ya dace jami'an sufuri na ma'aikatu su daina biyan kuɗin saitin famfo sai da takardar sakamakon gwaji, su kuma riƙa rubuta yawan man da kowace mota ke sha kafin gyara da bayansa. Hadiman manya su ma su rage matsa wa direbobi lamba. Ɗan hayaƙi mai saurin ɓacewa a farkon tashi ba laifi ba ne ga tsohon inji. Wanda ya ci gaba bayan turbo ta tashi, shi ne alamar motar tana bukatar gyara.