Tarar ratsa unguwa da mota a Landan

Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin 'yan'uwa mazauna Landan. Tun 2020 ƙananan hukumomi suka ƙara yawan unguwannin da aka hana motoci ratsawa, kyamara ke gadinsu. Kwanan baya takardar tarar ratsa irin wannan unguwa ta iske ni har gida, alhali reshen bishiya ya rufe allon gargaɗin. Na ɗauki hotonsa, na rubuta ƙorafi cikin kwana 28 da doka ta bayar, aka soke tarar. Da ƙaramar hukumar ta ƙi, akwai alƙali mai zaman kansa da ake ɗaukaka ƙara gabansa.

Mutanenmu da yawa biya suke cikin kwana 14 don ragin rabi, ko da gaskiya na wajensu. Don Allah ku wayar musu da kai.

Naka,
Wani mai karatu, Landan