Wa Ya Kashe Inshorar Gwamnati A Majalisar Amurka?

Ran 7 ga watan Nuwamba na 2009, da tsakar dare, Majalisar Wakilai ta Amurka ta zartar da shirin dokar gyaran harkar lafiya da ƙuri'a 220, waɗanda suka ƙi kuwa su 215. A cikin shirin nan akwai wani sashe da ya ce gwamnatin tarayya za ta kafa inshorar lafiya tata ta kanta, ta yi gogayya da kamfanoni a kasuwa guda. Bayan wata huɗu da rabi, ran 23 ga Maris na 2010, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar, amma wannan sashe babu shi babu alamarsa. Tun daga ran nan magoya bayansa suke ɗora alhakin a kan mutum guda, watau Sanata Joseph Lieberman na jihar Connecticut. Ni dai a ganina Lieberman ya yi jana'iza ne kurum, gama kafin abin ya iso gabansa an riga an zare masa rai, kuma masoyansa ne suka zare.

Ya kamata mai karatu ya san yadda zaman yake a can. Akasarin ma'aikatan Amurka ta hannun wurin aikinsu suke samun inshora daga kamfanoni. Tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama gwamnati ce ke biya musu a ƙarƙashin shirin Medicare, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya kafa a 1965, matalauta kuma suna da nasu shirin. Wanda ya faɗa tsakani, kamar mai ƙaramin kanti ko direban tasi ko wanda aka sallama daga aiki, sai ya sayi tasa da kansa, kuma a lokacin kamfani yana da ikon ya ƙi shi ɗungum in ya tarar yana da tsohon ciwo irin na sukari ko na zuciya. A 2008 mutum wajen miliyan 46 ne ba su da inshora kowace iri, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan magani.

To, mene ne amfanin gwamnati ta shiga wannan kasuwa? Amfanin guda ɗaya ne, shi ne farashi. Medicare ba ya ciniki da asibiti. Yanka kuɗin kowane aiki yake yi, asibiti ya karɓa, domin babu asibitin da zai iya rayuwa ba tare da tsofaffi ba. Saboda haka abin da yake biya ya yi ƙasa da abin da kamfanoni ke biya, da nisa kuwa. Waɗanda suka fara kawo shawarar inshorar gwamnati sun so ne a ɗaura farashinta a jikin na Medicare, da ɗan ƙari kaɗan ga likitoci. In an yi haka kuɗin da mutum zai riƙa zubawa duk wata zai sauko, kamfanoni kuma tilas su rage nasu ko ciniki ya guje su. Haƙoran shirin ke nan, ba shi da waɗansu.

'Yan jam'iyyar Rifablikan sun yi ta kururuwa cewa wannan gurguzu ne. Wannan magana ba ta da nauyi, tun da yake ba su taɓa iya fitowa fili sun ce a rushe Medicare ba, alhali kuwa shi ne inshorar gwamnati tsantsa. Hujjar da ke da nauyi daga cikin gida ta fito. Wakilan jam'iyyar Dimokurat da suka zo daga yankunan karkara sun ce farashin Medicare a wurarensu ya yi ƙasa ƙwarai, in aka ƙara jama'a a kansa ƙananan asibitocinsu za su durƙushe. Wannan kuka ne na gaskiya, ba na raina shi, domin garin da ke da asibiti guda ɗaya ba ya wasa da shi. Amma maganinsa a gyara farashin karkara ne. Maimakon haka, a ƙarshen watan Oktoba na 2009, da Kakakin Majalisa Nancy Pelosi ta ƙidaya mutanenta ta ga ba su cika ba, sai aka cire maganar farashin Medicare gaba ɗaya, aka ce inshorar gwamnati ta je ta yi ciniki da asibitoci kamar kowane kamfani.

Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisa, wanda ba ya bin kowace jam'iyya, ya auna abin da ya saura. Ya ce mutum kamar miliyan 6 ne za su shiga, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 300, kuma kuɗin da za su riƙa biya zai ɗan ɗara na kamfanoni, saboda masu yawan ciwo ne za su fi rububinta. Watau inshorar da aka ƙirƙiro don ta karya farashi ta zama mai tsada tun ba a haife ta ba. Ita ce Majalisar Wakilai ta zartar ran 7 ga Nuwamba aka yi ta tafi.

A Majalisar Dattijai kuwa abin ya fi muni. Tun ran 29 ga Satumba kwamitin kuɗi, wanda Sanata Max Baucus ke shugabanta, ya kayar da shawarar sau biyu a yini guda, kuma da ƙuri'un 'yan Dimokurat aka kayar da ita, har da ta shi Baucus ɗin. Ga kuma wata ƙa'ida ta majalisar, cewa ba a rufe muhawara a je ga ƙuri'a sai sanatoci 60 daga cikin 100 sun yarda. Ɓangaren Dimokurat 60 ne cif, saboda haka kowane ɗaya daga cikinsu ya zama sarki. Shugaban masu rinjaye, Harry Reid, ya yi sassauci ya ce jihar da ba ta so tana iya fita. Lieberman, wanda jiharsa ce mazaunin waɗansu manyan kamfanonin inshora, ya ce atafau. Aka sake lallashi, aka ce to a bar masu shekara 55 zuwa 64 su sayi Medicare da kuɗinsu, abin da shi kansa ya taɓa goyon baya, nan ma ya ƙi. Ran 24 ga Disamba majalisar ta zartar da shirin da ƙuri'a 60 da 39, babu inshorar gwamnati a ciki.

Ba na wanke Lieberman. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba shi kaɗai ya ƙi ba, akwai Ben Nelson na Nebraska da waɗansu da suka laɓe a bayansa. Shi kansa Obama, a jawabinsa ga majalisun biyu a watan Satumba, ya nuna cewa inshorar gwamnati hanya ce kawai, in an sami wata zai duba. Wanda ya shiga kasuwa yana faɗin cewa kayansa ba dole ne a saya da daraja ba, kada ya yi mamakin tayin da za a yi masa.

Abin da aka ba jama'a a madadi shi ne ƙungiyoyin inshora na gama-kai, waɗanda ba riba suke nema ba. An kafa guda 23 da rancen gwamnati, cikin 'yan shekaru akasarinsu suka rushe, domin ƙanana ne, ba su da ƙarfin tanƙwara asibiti. Dokar ta 2010 ta yi aikin kirki, ta hana kamfani ƙin mai tsohon ciwo, miliyoyi kuma sun sami inshora ta dalilinta. Amma a 2018 kusan rabin gundumomin ƙasar kamfani guda ne tak ke sayarwa a kasuwar da dokar ta kafa. Joe Biden ya yi alkawarin farfaɗo da inshorar gwamnati a yaƙin zaɓen 2020, ya gama wa'adinsa bai kai ta majalisa ba.

Jihohi ne suka gwada, kuma gwajinsu ya nuna inda gizo ke saƙa. Jihar Washington ta yi dokarta a 2019, kamfanoni ne ma za su gudanar da shirin bisa sharuɗɗan jiha, aka kuma ƙayyade cewa jimlar abin da za a biya asibitoci da likitoci ba zai wuce kashi 160 cikin ɗari na farashin Medicare ba. Duk da wannan rangwame asibitoci da dama suka ƙi shiga. Da aka fara a 2021 gundumomi 19 ne kawai daga cikin 39 suka sami shirin, sai da majalisar jihar ta koma a shekarar ta yi sabuwar dokar da za ta tilasta wa asibitoci karɓarsa.