Mangwaro Ba Ya Kawo Zazzaɓi, Rogo Kuma Bai Isa Abinci Ba

Akwai wata magana da ta kafu a zukatan mutanenmu na ƙasar Bagudo, tun daga Ka'oje da Illo har zuwa Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Binin, wai mangwaro kayan kwaɗayin yara ne mai jawo zazzaɓi, amma rogo da garin kwaki su ne abinci na haƙiƙa, tun da su ke riƙe ciki. Wannan hukunci, ko da yake dattawa masu mutunci ne ke yanke shi, ba shi da hujja, kuma 'ya'yanmu ne ke ɗaukar cutarsa.

Ba zan tauye wa rogo haƙƙinsa ba. A giram 100 na ɗanyen rogo akwai kalori wajen 160, alhali mangwaro bai wuce 60 ba, saboda haka wanda ya yini yana dashen shinkafa a fadamar kogin Kwara yana da uzuri in ya nemi gari. Sai dai ƙarfin aiki daban, lafiyar jiki daban. Farin rogo kusan sitaci ne zalla, abin gina jiki a cikinsa kaɗan ne ƙwarai, bitamin A kuwa kusan babu, ɗan bitamin C ɗin da yake da shi ma akasarinsa yakan salwanta wajen jiƙo da tuya. Nunannen mangwaro kuwa, Allah Ya ajiye waɗannan bitamin biyun a cikin jan namansa, kuma rashin bitamin A shi ne asalin dundumin da ke hana yaro gani da magariba, shi ne kuma ke raunana shi har ƙyanda ko gudawa su kayar da shi. Don wannan naƙasa ce ma masana na Ibadan da Umudike suka fitar da rogo mai ruwan ɗorawa a 2011, wato suka wahala shekaru domin su sa wa rogo abin da ke zuba kyauta a gindin bishiyoyinmu.

Batun zazzaɓi kuwa, duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya san cewa haɗuwar abu biyu a lokaci guda ba ta mai da ɗayansu sababin ɗayan. Mangwaro yana nuna da bazara, a bayansa ruwan fari ya sauka, sauro ya yawaita, balle a garuruwan bakin kogi irin namu. Tun 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ke ɗauke da ƙwayar cutar. In ciki ya ɓaci bayan shan mangwaro, a tuhumi ƙuda da hannun da ba a wanke ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, rogo mai ɗaci, wanda ke da guba ta gaske in ba a jiƙa shi sosai ba, ba wanda ke yi masa wannan zargi.

Ga israfi kuma, wanda shari'a ta hana: mangwaro yana ruɓewa tuli-tuli a watan Afrilu da Mayu, alhali matanmu sun gwanance wajen shanya kuɓewa da tumatir. A Burkina Faso, a yankin Bobo-Dioulasso da Banfora, yanka shi ake yi a busar, har a sayar wa Turai. Mu ma mu shanya namu a inuwa mai iska, mu ajiye wa yara, a ba su tare da garin idan damina ta yi tsakiya.