Zoben da ya fito daga cikin teku

Yau maganar kemistiri ce, ɓangaren nan na sinadaran kabon da 'yan aji uku ke gudu kamar an ce ga dodo.

Kun tuna darasin esta? Asid ya haɗu da alkanol, ruwa ya fita, a sami esta. To, ku ɗauka asid ɗin da alkanol ɗin suna jikin doguwar sarƙa ɗaya, wannan a kai, wancan a wutsiya. Idan suka haɗu sai sarƙar ta naɗe ta zama zobe. Irin wannan zobe idan ya yi girma, atom 12 ko fiye, shi ne ginshiƙin dangin sinadaran da ake kira makrolaid.

Ba sai kun je nesa ba. A shagon kemis na Rimaye ko Kankia za ku iya samun iritromaisin, mai zoben atom 14, da azitromaisin, mai 15. Na farkon daga ƙwayoyin halittar turɓayar ƙasar Filifin aka samo shi, ya fito a 1952. Amma waɗanda suka fi rikitar da masana daga teku suke, wurin da yawancinmu 'yan Katsina sai a talabijin muke gani, tunda tsakaninmu da Legas ya haura kilomita 1,000.

A teku akwai wata dabba da ake kira soson teku. Ba irin soson da ke yaɗo a dangar gida muna wanka da shi ba ne, wannan dabba ce, sai dai tana manne da dutse, ba ƙafar gudu, ba haƙorin cizo. Mai wannan hali da me zai kare kansa? Da guba. A 1986 wasu masana biyu na Japan, Hirata da Uemura, suka bayyana wani makrolaid da suka tace daga irin wannan soso, suka sa masa suna halikondirin B. Ɗan kaɗan ɗinsa yana hana ƙwayoyin cutar daji rabuwa biyu, domin yana tsayar da zaruruwan da ƙwayar ke miƙawa lokacin rabuwar.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Daga kilo 600 na soso, wato nauyin buhun masara shida, miligiram 12.5 kawai suka samu. Bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba. Ko an kwashe soson tekun duka, ba zai ishi marasa lafiya ba.

Nan ne aikin mai kemistiri ya fito. A 1992 Farfesa Yoshito Kishi da ɗalibansa a Jami'ar Harvard ta Amurka suka gina sinadarin a ɗakin gwaji, gaɓa bayan gaɓa. Da aka riƙa gwada gutsattsarinsa, sai aka gane ɓangaren da ke ɗauke da zoben shi ne mai aikin, saura kaya ne kawai. Aka yanke su.

Saura matsala ɗaya, kuma ita ce ta fi burge ni. Kun san esta tana tsinkewa. Abin da iyayenmu mata ke yi ke nan idan suna dafa mai da ruwan toka don yin sabulun salo: tsinka esta suke yi, ko da ba su taɓa jin sunanta ba. A cikin jini ma akwai sinadaran da aikinsu ke nan, kuma idan suka buɗe zoben, ƙarfin maganin ya tafi. Sai masanan suka cire estar suka sa keton a gurbinta. E, keton ɗin nan dai na littafinku. Sabon sinadarin shi ne eribulin, wanda kamfanin Eisai ke yi da sunan Halaven. A 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a ba masu sankarar mama da ta bazu a jiki. Ba ya warkar da cutar kwata-kwata, yana dai ƙara wa mara lafiya kwanaki, kuma yana da tsada, domin haɗa shi sai an bi matakai 62. Shekara 24 ke nan daga soso zuwa asibiti.

Ga aikin gida. Ku zana sarƙa mai kabon shida, na farko ya zama na COOH, a na shida ku rataya OH. Ku rufe ta ta zama zobe. Atom nawa ne a jikin zoben, kuma ya isa a kira shi makrolaid? Mai cewa shida ya sake ƙirgawa. Amsa tana nan tafe mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.