SHARHI: Me ya sa masu gyaran gashi a Amurka ke yaƙi da sassauta dokar lasisinsu?

A watan Janairun 2012, masu gyaran gashi da kwalliya suka yi dafifi a majalisar dokokin jihar Indiyana ta Amurka, suna adawa da ƙudirin da zai soke wajabcin lasisi a sana'arsu. Ba a jima ba aka janye ƙudirin. Tun daga lokacin ake ganin irin wannan turjiya a jihohi da dama, duk sa'ad da 'yan majalisa suka taɓo dokar koyon sana'ar.

A Amurka, jihohi ne ke bayar da lasisin. Galibi sai mutum ya kwashe sa'o'i 1,000 ko fiye a makarantar da hukuma ta amince da ita, ya ci jarrabawa, kafin doka ta ba shi damar karɓar kuɗi ya taɓa kan wani.

Hujjar masu adawa ita ce lafiyar jama'a, kuma ba hujjar banza ba ce. A 2000, mutum sama da 100 suka kamu da cutar fata daga kwamin wanke ƙafa na wani shagon gyaran farce a garin Watsonville na Kaliforniya. A 2011 kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta tarayya, OSHA, ta yi gargaɗi kan sinadarin formaldehyde a wasu mayukan miƙar da gashi. Mai aiki da reza da sinadari yana buƙatar horo, wannan ba abin musu ba ne.

Sai dai tambayar da ake kauce wa ita ce: sa'o'i nawa ake buƙata kafin a koyi tsafta? A nan ne kuɗi ke shigowa. Makarantun koyon sana'ar, waɗanda yawancinsu na 'yan kasuwa ne, suna cin abinci ne daga tsawon karatun, ɗalibai kuwa da tallafi da rancen gwamnatin tarayya suke biya. Wanda ya riga ya ci bashi ya sami lasisi ba zai so maƙwabcinsa ya buɗe shago a arha ba. Ga shi kuma hukumomin bayar da lasisin akasari 'yan sana'ar ne ke zaune a cikinsu, wato an bai wa kura ajiyar nama. Kotun Ƙolin Amurka ta taɓo wannan matsala a 2015, a shari'ar hukumar likitocin haƙori ta Arewacin Karolina, inda ta ce irin waɗannan hukumomi ba su da kariya daga dokar hana babakere sai gwamnatin jiha na sa musu ido.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne masu kitso, da yawansu mata baƙar fata da baƙi daga Afirka ta Yamma. An kama Isis Brantley a Dalas a 1997 saboda kitso ba lasisi, Teksas ba ta cire kitso daga dokar ba sai 2015. Jestina Clayton, 'yar asalin Saliyo, jihar Yuta ta buƙaci ta yi sa'o'i 2,000 na karatun da kusan bai shafi kitso ba. A 2012 kotun tarayya ta ba ta gaskiya.

Yanzu akalar ta karkata daga soke lasisi zuwa rage sa'o'i. Teksas ta sauko daga 1,500 zuwa 1,000 a dokar 2019. Kaliforniya ta rage daga 1,600 zuwa 1,000 a 2021, ta kuma soke jarrabawar gwaji da hannu, duk da ƙorafin masu makarantu da wasu masu shaguna cewa ɗalibai za su fito ba su ƙware ba. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022.